Cinikin daren Auta

Ƙarfe ɗaya na dare ta gota, a watan Nuwamba na 2024, sanyin Alƙahira ya fara kankama. Na fito daga ɗakinmu a unguwar Hayyul Ashir, kaina ya yi nauyi da bitar darasin balagar Larabci da muke yi a Azhar, na nufi shagon da muka saba sayen abin taɓawa. Irin shagunan nan ne da babu lungun da ba su a birnin: sandar shawarma tana juyawa a bakin ƙofa, kaji da dankali a cikin mai, gefe guda kuma ga kaskon ɗa'amiyya, wato ƙosan Masar, wanda ake yi da waken ful. Ka biya a wurin mai kuɗi, ka miƙa takarda, kafin ka gama amsa sallama an naɗe maka.

Yaron da ke bakin kaskon na sha ganinsa. Baƙi ne siriri, sai ya taka wani akwatin lemo kafin hannunsa ya kai. Na ɗauka ɗan Sudan ne kamar sauran da suka cika unguwar, kuma ban taɓa yi masa kallo na biyu ba. A daren nan kwandon dankali ya kuɓuce masa, mai ya fantsamo masa a wuyan hannu, sai na ji ya ce, "Wayyo Inna!"

Na ce, "Kai yaro, Bahaushe ne kai?"

Bai amsa ba, ya saci kallon mai shagon tukuna. Wani yaron, ɗan Masar mai wankin tire a can ciki, ya rugo da ƙanƙara a leda ya ɗora masa. Sai da mai shagon ya juya baya sannan ya ce da ni a hankali, "Eh, Malam. Daga Madani muke."

A gida Auta ake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Shekararsa 12 a lokacin. Duk wanda ya san Sudan ya san Hausawa ba baƙi ba ne a can. Hanyar hajji ta ƙafa ta ajiye wasu, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin da har yau yake ɗauke da sunansa a bakin Kogin Nilu Shuɗi. Kakannin Auta daga wannan garin suke. Mahaifinsa kuwa mai tsire ne a Wad Madani, abin da duk Sudan ke kira agashe, da kalmarmu. Da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga Madani a watan Disamba na 2023, uwar ta kwashi 'ya'yanta uku ta yi arewa. Masar ta riga ta sa wa kowane ɗan Sudan dokar biza tun watan Yuni na shekarar, har mata da yara, don haka a bayan a-kori-kura suka ratso hamada zuwa Aswan. Uban ya tsaya a baya, daga nan labarinsa ya yanke.

Duk wannan daga baya na ji. A daren farko abin da na yi shi ne na koma ɗaki da zafin rai na hau bincike a waya. Dokar a fili take. Dokar yara ta Masar mai lamba 12 ta 1996, bayan gyaran 2008, ta hana ɗaukar yaro aiki kafin ya cika 15, ko koyon sana'a ma sai ya kai 13. Wanda ya kai shekarun kuma ba zai wuce awa shida a rana ba, da hutun awa guda a ciki, kuma haramun ne ya yi aiki tsakanin bakwai na yamma da bakwai na safe. Na ga cewa binciken lafiyar iyali na 2021 ya ƙiyasta yara kimanin miliyan 1.3 a ƙasar suna cikin aikin da bai dace da shekarunsu ba. Na kuma sami lambar agajin yara, 16000. Na ajiye ta a waya, na kwanta ina jin kaina kamar na gama aikin.

Allah ya sa da safe na fara biyawa ta wurin wani dattijonmu, mutumin Damagaram da ya fi shekara goma sha biyar a Azhar, wanda duk ɗalibai muke ce wa Baba. Ya saurare ni har na kai aya, yana kaɗa shayinsa. Ya ce, "To ka kira. Sun zo. Mai shago ya sallami yaron a ranar. Sai me? Ka san uwar tana da iƙama, takardar izinin zama, ko ba ta da ita? Ka san abin da suke ci? Kada garin neman gira a rasa ido, ɗana. Je ka ga uwar tukuna."

Sai da na yi kwana huɗu ina lallaɓa Auta kafin ya yarda ya kai ni. Hawa na biyar, ba na'urar hawa, gida guda iyali biyu, labule ne iyaka. Uwar ta shimfiɗa mini darduma, ta dafa jabana, wato gahawa da citta irin ta Sudan. Hausarta tsohuwar Hausa ce, da Larabci a cakuɗe, akwai kalmomin da rabona da su tun bakin kakata. Na kira ta Inna kamar yadda ɗanta ke kiranta. Na yi doguwar shimfiɗa a kan amfanin ilimi, wadda yanzu idan na tuna kunya take kama ni, domin ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

Da na gama ta ce, "Ɗana, karatu ai gadonmu ne. Da allo a rataye kakanninmu suka shigo Sudan. Amma mai gidan nan ba ya karɓar allo ranar ɗaya ga wata."

Sannan ta yi mini lissafi da yatsu. Rabonsu na haya fam 3,000. Auta yana karɓar fam 100 a rana, daga biyu na rana zuwa biyu na dare, babu ranar hutu, sai ka ga ya tashi 3,000 cif a wata. Babbar yayarsa tana aikatau a wani gida, nata kuɗin shi ne abinci da wuta da magani, don gwiwoyin Inna sun hana ta hawa bene da bokiti. Bayan haka duk dare Auta yana dawowa da ledar ragowar burodi da dankali, shi ne karin kumallonsu. Mafi ƙarancin albashi a hukumance a lokacin fam 6,000 ne. Awa goma sha biyu a kan rabin kuɗin babba: ba sai an gaya wa mutum dalilin da ya sa ake son yaro a bakin kasko ba. A manyan shagunan nan masu tambari da gilashi ban taɓa ganin yaro a bayan kanta ba, amma ƙananan na cikin unguwa, inda mu talakawa muke ci, da wuya ka leƙa ciki ba ka ga ɗaya ba.

Na sauko daga benen na san cewa ba zan kira lambar ba. Abin da ya rage shi ne ciniki.

Mai shagon, wanda kowa ke ce wa Mu'allim, Basa'ide ne daga kudancin Masar, ƙato mai gashin baki. Na same shi da hantsi kafin kasuwa ta buɗe. Ya sa aka kawo shayi, don a Masar ko faɗa za a yi sai an sha shayi. Ɗan Azhar kuma yana da ɗan kwarjininsa, Maulana suke ce mana ko da gemunmu bai fito ba. Na fara karanto masa doka. Ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya naɗe hannun jallabiyarsa ya nuna mini. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu tabon ƙuna ne, tsoho a kan tsoho.

Ya ce, "Ya Maulana, ina da shekara tara aka sa ni a bakin kasko. Ga shi yau shago nawa ne. Ni na je Sudan na ɗauko shi? Uwarsa ce ta tsaya a nan tana hawaye. Na ce ba ni da gurbi, ta ce don Allah. Yanzu ni ne azzalumi?"

Na tambaye shi katin da doka ta ce mai aiki ya yi wa duk yaron da bai kai 16 ba, mai hoto da hatimin ofishin ƙwadago. Ya yi dariya har da tari. Zaman farko a nan ya ƙare.

Ba zan ce mutumin nan mugu ne ba, kuma ba zan wanke shi ba. Yana ba yaran abinci su ƙoshi, ban taɓa ganin ya ɗaga wa Auta hannu ba. Amma da Samara yake kiransa, wato baƙi, bai taɓa damuwa ya riƙe sunansa ba, kuma ya san sarai abin da yake ragewa a aljihunsa duk wata.

A zama na biyu na ajiye doka gefe na zo da buƙata: yaron ya tashi ƙarfe bakwai. Ya ce kasuwarsa bayan isha take farawa, yaron da zai tafi bakwai ba shi da amfani a wurinsa, gara ya sallame shi. Na tsorata, don idan ya sallame shi na jawo wa Inna bala'i. A zama na uku na tafi da Baba. Shi bai ambaci yaron ba sai da suka yi rabin awa suna hirar Sa'id da tsadar man girki da yadda fam ya faɗi a watan Maris, daga wajen 31 a dala zuwa kusan 50. Sannan ya ce, "Ya Mu'allim, maraya ne a hannunka har sai an ji ɗuriyar ubansa." Mu'allim ya yi shiru yana jan carbi. Aka tsaya a kan haka: daga uku na rana zuwa tara na dare, fam 60, kuma a ɗauke shi daga bakin mai, ya koma naɗe burodi da shara. Aka karanta Fatiha a kai.

Na san abin da na sa hannu a ciki. Yaro ɗan shekara 12 yana aiki har tara na dare, ta ko'ina ka duba ya saɓa wa dokar da na haddace. Ni da na fito da niyyar kai ƙara, na ƙare ina cinikin awa nawa za a karya ta.

Makaranta kuma wata duniya ce. Iyalin suna da katin rawaya na Mufawwadiyya, kamar yadda 'yan gudun hijira ke kiran UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da su, wanda suka karɓo a ofishinta na birnin Sitta Oktoba. Amma katin daban, iƙama daban, kuma ranar da aka ba su ta zuwa buga iƙamar tana can gaba da nisa, saboda yawan mutanen da yaƙin ya koro. A ƙa'ida 'yan Sudan suna cikin baƙin da aka yarda su shiga makarantun gwamnati. Na je ofishin ilimi sau uku, kowane zuwa da ƙaramar bas biyu. Ana neman iƙama mai rai, takardar haihuwa, da shaidar ajin da yaro ya tsaya. Takardun Auta suna cikin wata akwatin ƙarfe a Madani, in akwatin tana nan. A zuwa na uku wata ma'aikaciya ta tausaya mini, ta ce shekarar karatu ta riga ta yi nisa, in dawo da rani da iƙama, za a yi masa jarrabawar tantance aji. Makarantun 'yan Sudan masu zaman kansu kuwa, an rufe da yawansu a tsakiyar 2024 saboda rashin lasisi.

A bakin matan unguwa Inna ta ji labarin wata malama 'yar Omdurman da ke koyar da yara a falonta da manhajar Sudan, daga takwas zuwa sha biyu, fam 400 a wata. Yara goma sha huɗu a kan tabarma, allon bango ɗan ƙarami jingine da firji. Ta gwada Auta a gabana. Rabonsa da aji tun Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, yana aji biyar. Karatun Larabci yana yi yana tuntuɓe, yatsa a kan layi. Da aka zo lissafi kuwa, kafin ta gama faɗin tambaya ya ba da amsa, don shekara guda ya yi yana jin ana ƙirga canji a kansa. Ta ce za ta karɓe shi, da sharaɗin ya riƙa barci. A makon farko duk da haka sau biyu tana samunsa ya kife a kan littafi. Jikinsa ya saba da kwanciya uku na dare, ko ya dawo tara ba ya iya runtsawa. Na taɓa ɗaukar littafin rubutunsa, gefen shafukan duk ya yi shara-shara da mai, yana ƙamshin tafarnuwa.

Saura kuɗi. Giɓin fam 40 a rana ya kama 1,200 a wata, ga 400 na malama. Na tara 'yan uwa ɗalibai muka zama mu tara, kowa 200. Watan farko ya cika har da rara. Wata na biyu mutum shida suka kawo, na uku huɗu. Ban ga laifin kowa ba. Naira ta haura 1,500 a dala, abin da iyaye ke turowa daga gida ya zama ba ya kai tsakiyar wata, ni kaina sai da na ci bashi na cike na Janairu.

Matar Baba ce ta fitar da mu. Ta ce, "Ku da kullum kuke kukan kun gaji da makaroni da ful, ga mace ta iya tuwo kuna ba ta sadaka?" Asidar Sudan tuwo ce, wekarsu kuma busasshiyar kuɓewa ce. Ga shi Inna ta san haɗin yajin agashen mijinta, da ƙuli da komai. Muka saya mata gawayi da nama na farko. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in je in ɗauko kuloli, kwano ashirin, wani lokaci ashirin da biyar. Ɗaliban da suka kasa ba da 200 a wata, sai ga su suna ba da 50 duk mako ba tare da an bi su ba, har da 'yan Ghana da 'yan Chadi. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta rufe giɓin, kuma Inna ta daina sunkuyar da kai idan na shigo. Auta ya ce shi zai riƙa kai wa mutane abincin. Na ce a'a da ƙarfin da ya ba shi mamaki.

Azumi ya rusa mana tsari. A watan Maris na 2025 ya kama, kuma a Ramadan shagunan nan da rana a rufe suke, kasuwa daga magariba ce har sahur. Wani dare bayan tarawihi da daɗewa na biya, sai ga Auta a kan akwatin lemonsa, a bakin kasko. Ya gan ni ya kau da kai. Mu'allim ya yi masa tayin 150 a dare da goron Sallah, Inna kuma ta amince ba ta gaya mini ba. Na yi fushi, na yi mako guda ban taka gidan ba, kulolin Juma'a ma wani na tura. Da na je ta ce mai gida ya ƙara haya, 'yan matan kuma shekara biyu ba su ga sabon kaya ba. Ta ce, "Na san za ka hana, shi ya sa ban faɗa ba." Ban sami abin cewa ba. Wata guda na karatu ya tafi. Bayan Sallah Baba ya sake zuwa shan shayi, aka koma kan yarjejeniya.

Tun a Janairu, ranar 11 ga wata da sojoji suka karɓe Madani, 'yan Sudan suka fito tituna a Alƙahira suna guɗa, hankalin Inna ya koma gida. Bayan Sallah da 'yan makonni saƙon murya ya shigo ta wayar wani maƙwabcinsu: uban yana raye, ya rame, gidan an kwashe komai har ƙofofi, amma bango yana tsaye. Ta sa mini saƙon sau uku. A watan Yuli aka fara jigilar masu komawa kyauta a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis zuwa Aswan, daga can motoci su tsallaka da su. Na so su tsaya Auta ya yi jarrabawar tantance aji, na faɗa sau ɗaya, ban maimaita ba. A watan Agusta na raka su tasha da jaka biyu a kaina. Malamar ta rubuta masa takarda da hannunta cewa ya kammala karatun aji shida a wurinta, Inna ta naɗe ta a leda ta cusa a cikin rigarta. Auta ya ce, "Malam, in ka zo Madani tsirenka kyauta ne." Na ce ya bar wa babansa wuƙa tukuna.

Bayan kwana biyu, wajen ɗaya na dare, na biya shagon. Akwatin lemon tana nan a bakin kasko, da yaro a kai. Yaron nan ne ɗan Masar mai wankin tire, wanda ya kawo ƙanƙara a daren farko. Da ya ɗaga kwandon dankali na ga wuyan hannunsa, ɗigo-ɗigon ƙuna, wasu sun warke sun yi fari, wasu sababbi. Ba tabon kwana biyu ba ne.

Na ce da Mu'allim, "Wannan tun yaushe yake bakin mai?"

Ya ce, "Tun ranar da muka karanta Fatiha, ya Maulana. Kai ka ce a ɗauke naka daga kasko, ya tashi ƙarfe tara. Wa kake so ya soya?"

Wata tara ina shiga shagon nan kusan kullum. Na tambayi yaron daga ina yake, ya ce daga Fayyum, yana kwana a saman shagon. Na tambaye shi shekarunsa, ya saci kallon Mu'allim, ya ce sha biyar. Sannan ya sauko daga kan akwatin, ya naɗe mini ɗa'amiyya biyu a takarda, ya tambaye ni ko a sa barkono.